Telar da Take Auna Hannu Biyu

A layin teloli na bayan kasuwa, shago na bakwai in ka shigo ta wajen masu gyaran waya, akwai wata mata da kowa ke ce wa Awo-biyu. Kowane tela in zai auna ka, hannu ɗaya yake ɗora wa tef, ya rubuta, ya wuce ƙirji. Ita kuwa sai ta auna dama, ta zagayo ta auna hagu, ta rubuta kowanne a layinsa. Mai surfani da ke jikin shagonta, wata mai baki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace, ita ta laƙa mata sunan.

"Ke wai zato kike Allah ya yi kuskure a ɗaya hannun?"

"Allah ba ya kuskure," in ji ta, tef a wuya, allura a baki. "Mutane dai."

Ba ta da tsawo, ba ta da yawan magana, ba ta saɓa ranar da ta ce a zo a karɓi ɗinki, abin da ya sa sauran teloli ke jin haushinta. Shagon keke biyu ne, na wuta da na ƙafa, sai teburin yanka, sai labule a lungu inda mata ke gwada kaya, sai madubi mai tsaga a kusurwa. Mijinta direban tirela ne, mutum mai son zaman lafiya har abin ya zama laifi. 'Yarsu ɗaya, shekararta tara, siririya kamar tsinken tsintsiya, amma sunan da ya bi ta shi ne Buhu.

Hannun Buhu na hagu bai kai na dama tsawo ba. Yatsa uku ne tsakaninsu. Yana rataye a jikinta, a murɗe ciki, tafin na kallon baya kamar mai karɓar saƙo a ɓoye. Ba ta iya ɗaga shi ya wuce kafaɗa. Duk rigar da uwar ta taɓa ɗinka mata, hannun hagu a rage yake da yatsa uku, don kada ya zubo ya rufe yatsunta a gane. Daga nan awo biyu ya samo asali.

Ranar haihuwar, hantsi ne. Cikin fari. Kan jaririya ya fito, sai komai ya tsaya. Abin da Awo-biyu ta riƙe daga ɗakin nan kaɗan ne, amma ba wanda zai ƙwace mata shi: babbar ungozomar ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta tokare ƙafa a ƙarfen gado, ta kama kan jaririyar ta ja, ta karkata shi gefe ta sake ja. Yarinya ta faɗo, shiru, shiru, sannan kuka. Aka ɗora ta a sikeli, kilo huɗu da rabi. Sista ta ce, "Wannan ai buhu ce." Ta naɗe ta da hannunta, tamau, ba ta bar ƙananan nas sun taɓa ba.

Bayan azahar gajiya ta kwashe mai jego, ta yi barci, jaririya a gefenta. Da la'asar surukarta, uwar mijin, ta zo ta warware zanen don ta ga jikarta. Hannun dama ya dunƙule yana harbin iska. Na hagu ya zube kamar jiƙaƙƙiyar igiya.

Aka kira Sista. Ko kallon hannun ba ta yi ba.

"Haihuwa lafiya ƙalau aka yi. Ɗazu na shigo na tarar da ita ta bi ta kan jaririya tana minshari. Yaran yanzu, barci kamar matattu. Ku bar hannun, kada kowa ya taɓa, zai dawo da kansa."

Maganar ke nan. Ba ta kai minti ɗaya ba. Suruka ta ɗauke ta daga bakin gadon nan ta bi dangi da ita gida-gida: matar ɗana ta danne 'yarta don barci. Mijin bai taɓa cewa ta yi ba, bai kuma taɓa cewa ba ta yi ba. "A bar maganar," shi ne iyakarsa, sai ya ɗauki makullin mota.

Aka bar hannun kamar yadda aka ce. Shekara biyu. Sai da Awo-biyu ta saɓi yarinyar da kanta ta kai ta wajen wani likitan gashin ƙashi, matashi, mai gemu ɗan tsurut. Ya juya hannun, ya taɓa wuyan, ya ce akwai jijiyoyi da ke saukowa daga wuya su ba kafaɗa da hannu umarni, in kafaɗar jariri ta maƙale aka ja kai da ƙarfi, sai su miƙe fiye da kima, wani lokaci su tsinke.

"Da yawa suna warkewa in an fara motsa hannun da wuri. Waɗanda ba su warke ba, akwai aikin da ake gwadawa a watannin farko. Me ya hana ku zuwa?"

"An ce kada a taɓa."

"Wa ya ce?"

Ta gaya masa, har da maganar dannewar. Ya ce wannan ba ciwon dannewa ba ne. Ya koya mata yadda za ta riƙa lanƙwasa gwiwar hannun tana buɗe kafaɗar, safe da yamma, don kada gaɓoɓin su ƙage.

Ta dawo gida da maganar kamar ta tsinci zinare. Suruka ta taɓe baki. "Matar da ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwa ta faɗi magana, yaron da gemunsa bai gama fitowa ba zai ƙaryata ta? Ke dai kin samo wanda zai wanke ki."

Ranar Awo-biyu ta gane cewa bakin da ya ɗaura mata abin, shi kaɗai zai kwance shi.

To, tela ba ta da lauya, ba ta san kowa a sama ba. Abin da take da shi almakashi ne da haƙuri. Ta fara ɗinka wa wata nas fararen kayan aiki, ta ƙara mata aljihun biro da na waya wanda ba a saba sawa ba. Nas ta kawo ƙawarta, ƙawa ta kawo ɗakinsu gaba ɗaya. Shekara huɗu tana ɗinka fararen kaya har idonta ya fara ganin fari a mafarki. Rannan wata mota ta tsaya a bakin layin, wata mata mai jiki ta fito tana ɗingisa gwiwa.

"Ke ce telar da yarana ke yabo?"

"Ni ce, Sista. Sannu da zuwa."

Sista ba ta gane ta ba. Ko alama. Awo-biyu ta ɗora mata tef, ta auna hannun daman da ya yi jan, ta auna na hagu, ta rubuta. Shekara biyu tana yi wa Sista ɗinkin da ba ta taɓa yi wa kanta ba. Ba ta san me take jira ba, ta dai san tana jira.

Abin da ya kawo ƙarshen jiran daga cikin gida ya fito. Wata safiya tana lanƙwasa hannun Buhu kafin makaranta, yarinya ta yi ƙara ta fizge.

"Ki daina taɓa ni. Ai ke kika danne ni. Kaka ta gaya mini."

Shekara bakwai, safe da yamma, ba fashi ko ranar zazzaɓi. Daga wannan safiyar Buhu ba ta sake miƙo hannun ba. In uwar ta matso sai ta juya mata gefen dama. Wata uku. Awo-biyu tana kallon gwiwar hannun na ƙara lanƙwashewa, kafaɗar na ƙara shigewa ciki, ga yarinya na cin abinci a gabanta ba ta haɗa ido da ita. Zagin dangi ta iya da shi. Wannan ne ba za ta iya ba.

Sai ga Sista da leshi a jaka, ruwan zuma, mai furanni da duwatsu. Za ta ajiye aiki, asibiti zai yi taron karrama ta ranar Asabar ƙarfe sha biyu. Har ta karanto abin da za a rubuta a allon da za a ba ta: shekara talatin, ba tabo.

"Doguwar riga nake so, 'yata, mai dogon hannu, ta kama jiki. In na shiga a san na shigo."

"Za a sani, Sista."

A karo na farko a tarihin shagon, Awo-biyu ta saɓa alkawari. Laraba ta ce Alhamis, Alhamis ta ce Juma'a, Juma'a ta ce duwatsun ke ba ta wahala, Sista ta biyo da safiyar Asabar ta sa a nan ta wuce taro. Ta kuma gaya wa surukarta ta zo shago ranar, wai za ta auna ta ta yi mata sabuwar riga. Tsohuwar ta zo tun tara, ta zauna a benci tana ƙorafin zafi. Buhu na gefen tebur tana zaɓen maɓallai da hannu ɗaya, ta ba uwar baya.

Goma da rabi Sista ta iso, an yi kwalliya, ƙamshi ya riga ta shigowa. Suka shiga bayan labule. Awo-biyu ta ce a fara zura hannun hagu, haka wannan yankan yake so. Aka zura, aka zura na dama, ta ja zif har wuya, ta ce bari ta kama saman da allura don kada ya zame. Ta kama shi da kyau. Sannan ta yaye labulen.

Rigar ta yi kyau, wannan ko maƙiyi ya yarda. Sista ta juya gaban madubi, ta kai hannu za ta gyara ɗankwali. Dama ya tashi. Hagu ya ƙi. Tun daga hammata har wuyan hannu a ɗinke yake da jikin rigar, an kuma murɗa shi ciki, tafin na kallon baya.

"Ke, tela. Kin haɗe hannun da jiki."

"Na sani."

"To warware mana, direba na jira."

"Ki bar shi, Sista. Kada kowa ya taɓa. Zai dawo da kansa."

Suruka ta daina fifita. Buhu ta juyo.

Sista ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wasa kike da ni? Kin san ko ni wace ce? Yanzu sai in kira 'yan sanda."

"Ga jakarki can, kira su. Da hannun dama dai. Ƙofa ma a buɗe take, ba wanda ya riƙe ki, ki tafi taron haka."

"Teloli nawa ne a layin nan?"

"Goma sha biyu. Da hannu na yi ɗinkin, kwana huɗu, ta cikin ramukan leshin, da zare kalarsa. Wanda bai san inda na bi ba, furen zai yanka, ya bar miki hammata a waje. Ni minti goma ya ishe ni."

Mai surfani ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, waya a hannu. "Ni fa ba ruwana, caji nake nema."

"Me na yi miki, baiwar Allah?" Muryar Sista ta sauko. Gumi ya fara tsaga hodar goshinta.

"Shekara tara da wata huɗu, ɗakin haihuwa, gado na biyu daga taga."

"Haihuwa dubu nawa na karɓa? Wallahi ban tuna ki ba."

Wannan maganar ta shigi Awo-biyu fiye da yadda ta shirya. Shekara tara tana kwana tana tashi da fuskar matar nan, ita kuwa ko a kwandon shararta ba ta ajiye ta ba.

"Ni ba sai kin tuna ni ba. Zo nan, ke."

Buhu ta zo, ba don ta so ba. Suka tsaya a madubi ɗaya, tsohuwa cikin leshi da yarinya cikin rigar gida, hannun hagu biyu a rataye iri ɗaya, tafi na kallon baya. Sista ta kalli na yarinyar. Ta daɗe.

"Buhu," ta ce a hankali. "Kilo huɗu da rabi."

"Ashe ƙwaƙwalwar na aiki."

"Kafaɗa ce ta maƙale. Fuskarta ta fara baƙi. Kin san minti nawa nake da shi? Ba likita a kusa. Na ja. Da ban ja ba, da gawa kuka ɗauka, ke ma da ƙyar. Ku kuna ganin abin da sauƙi."

"Ban tambaye ki ja ba. Ja tsakaninki da Allah ne, ni ban san aikinku ba. Barcin nake tambaya."

Agogon bango ya ce sha ɗaya saura biyar. Direba ya danna hon a waje.

"Ba ki danne ta ba."

"Ni na sani. Ba ni za ki gaya wa ba."

Sista ta juya wajen yarinyar, da jiki gaba ɗaya, don rigar ba ta barin a juya rabi. "Mamanki ba ta danne ki ba. A hannuna ya faru. Na gani tun kafin in naɗe ki."

"To me ya sa kika ce ita ce?" Buhu ce ta tambaya, muryarta ƙarama, ba kuka a ciki.

"A shekarar za a ba ni shugabancin sashen. Da na rubuta abin da ya faru, da kwamiti ya zauna a kaina." Ta share gumi da hannun da ke motsi. "Na zaci zai warke. Da yawa suna warkewa."

"In an taɓa su," in ji Awo-biyu. "Saura ɗaya. Ga ta can a benci. Ita ta fi kowa yarda da ke."

Ba sai an maimaita ba. Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta zo har gaban Sista, ta dube ta sama da ƙasa kamar kayan da aka sayar mata na jabu.

"Da bakinki na zagi 'yar mutane shekara tara. Allah ya isa." Ta juyo wajen matar ɗanta. "Maman Buhu, ai ni, abin da aka gaya mini..."

"Umma, ba a ɗaki kika faɗa ba. Gida-gida kika bi da maganar. Gida-gida za ki bi ki kwashe ta. Ki fara da ɗanki, gobe yake dawowa."

Mai surfani ta ce a tsawon zamanta a layin ba ta taɓa jin an yi wa suruka magana haka ba, ba ta kuma taɓa ganin suruka ta gyaɗa kai ba sai ranar.

Awo-biyu ta ɗauko reza. Ba ta yi sauri ba, ba ta yi jinkiri ba. Zare ɗaya bayan ɗaya, daga wuyan hannu zuwa hammata, ko fure ɗaya bai ji ciwo ba. Minti tara. Sista ta ɗaga hannun, ta sauke, ta sauke numfashi. Sai ta miƙa hannuwan biyu gaba, ta tsaya. Na dama ya sauka daidai kan wuyan hannu. Na hagu ya tsaya can sama, agogonta da fatar hannunta a waje. Yatsa uku.

"Wannan fa?"

"Wannan ba ya warwaruwa. Na yanke."

"Haka zan tsaya gaban mutane?"

"Awa biyu ne, Sista. Ki ɗan karkata jiki in za a ɗauki hoto. Ana sabawa. Tambayi Buhu."

Sista ta fita ba sallama, jaka a maƙale a hannun hagu. Da yamma mai surfani ta shigo da hoton taron, wata nas ta ɗora. Ga Sista, allo a hannun dama, hagun a ɓoye a bayanta, murmushin kamar an ɗinka shi da allura.

"Ke muguwa ce, wallahi. Ni daga yau ko tsumma ba zan ba ki ki ɗinka mini ba. To yanzu kin huce?"

"A'a."

Gaskiya ta faɗa. Ƙyallen da ta yanke daga hannun rigar yana nan, ta soke shi da allura a bango saman keken wuta, kuma ba ta da niyyar cire shi. Nas-nas ɗin ma ta san daga Litinin ƙafarsu za ta ɗauke daga shagon. Su ɗauke.

Suruka ta tafi tun azahar, ba a yi awon ba, ba ta kuma tambaya ba. Layin ya fara raguwa. Awo-biyu na kakkaɓe zare daga teburin yanka sai ta ji an ja kujera. Buhu ta zauna, ta kama hannun hagunta da na dama, ta ɗaga shi ta ɗora a kan tebur, tsakanin almakashi da alli. Ba ta kalli uwar ba.

"Ya ƙage."

"Wata uku, ai dole."

Ta goge tafinta a zani, ta tallafi gwiwar hannun, ta kama wuyan hannun, ta fara buɗewa. Ya yi tauri kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yarinya ta ciji leɓe.

"Mama, a hankali."

"Ba zan yi a hankali ba. Ƙirga."

Buhu ta fara ƙirgawa.